Saiwar Chaina da Hawan Jinin Baba

Shekarar da likita ya ce Baba yana da hawan jini, gidanmu na Ƙofar Ran ya yi wani irin shiru da ban saba ji ba. Baba mutum ne mai murya. A Kasuwar Muda Lawal ya yi rayuwarsa yana sayar da hatsi, wurin da in ba ka ɗaga murya ba ɗan dako ba zai juyo ba, kuma da wannan muryar yake dawowa gida. Ko ruwan alwala zai nema, sai maƙwabta sun san ya nema. To sai aka ce ya rage zirga-zirga, ya rage gishiri, ya riƙa shan ƙwaya kowace safiya. Yayana, wanda ke aikin gwamnati yana zaune a GRA, ya ɗauki maganar likita ya ƙara mata tsawo. Ya ce kasuwa kam an gama, a bar wa ƙanin Baba rumfar ya kula da ita.

Baba bai yi gardama ba, kuma rashin gardamar ne ya fi ba ni tsoro. Ya koma zaman zaure da rediyo da carbi. In ka gaishe shi sai ya amsa a hankali, kamar wanda ya zo gidan baƙunta.

Ni malamar makaranta ce, gidan aurena kuma babu nisa da gidanmu, don haka kusan kullum in an tashi nakan biyo. Yaya ya sayo na'urar awon jini ya damƙa mini, aikin awo ya zama nawa. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa ba ya kama sunana, Uwata yake ce mini. Yakan naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini damtse yana kallon bango. "Uwata, matse ki gaya mini hukuncina na yau." In awo ya yi kyau ba ya murna, in ya ɗan hau ba ya damuwa. Ni ce mai murnar, ni ce mai damuwar.

Baba yana da amini guda, muna ce masa Baffa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tun suna samari suke tare. Shi yadi da shadda yake sayarwa a kasuwar, yakan kuma je Chaina saro kaya. Wata ranar bazara na shigo zaure na tarar da su biyun sun sa wani jan akwati a tsakiyarsu, mai murfin gilashi. A ciki akwai wata saiwa fara-fara, busasshiya, mai rassa kamar hannuwa da ƙafafu.

"'Yata, zo ki ga abin da na kawo wa babanki," in ji Baffa. "Jinsen sunanta. A can tsofaffi sun girme mu, amma ki gan su suna hawa bene kamar awaki. Ita suke sha. Ni ma tun da na fara, ban san gajiya ba."

Ya kuma fito da kwali cike da ƙananan ledoji na kofi, wanda ya ce an haɗa shi da saiwar, don ranar da mutum ba ya son jiran tafasa. Duk rubutun da ke jikin kwalin na mutanen can ne, babu abin da na iya karantawa sai hoton saiwar.

Na ce, "Baffa, an gode. Amma ka san yana shan maganin asibiti."

"Ai wannan ba magani ba ne, saiwa ce. Allah ne ya tsiro da ita."

Baba ya yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba, sai na haɗiye sauran maganata. Inna ta kasa kama sunan, ta ce saiwar Chaina, sunan da ya bi ta ke nan a gidan. Kowace safiya takan yanki siriri ta tafasa masa a ƙaramar tukunya. Na taɓa kurɓa. Ɗaci-ɗaci ne da zaƙi-zaƙi, da ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi.

Ba zan ɓoye ba, Baba ya canza. Muryarsa ta dawo. Ya fara yi wa masu tallar ruwa faɗa in sun tsaya masa a ƙofar gida, ya fara tambayar farashin masara da wake. Wata rana na zo ban same shi ba, Inna ta ce ya hau keke napep ya tafi kasuwa, wai zai leƙa rumfa kawai. Leƙawa ta zama wuni. Inna tana ba ni labari fuskarta a sake, domin ita ma ta gaji da ganin mijinta a zaune kamar kayan ajiya.

Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. A ofishin malamai, lokacin hutun tara, nakan ɗauki waya in yi ta bincike a kan jinsen da hawan jini. Wani shafi ya ce tana sauke jini. Na ƙasa da shi ya ce tana ɗaga shi. Wani ya ce mai hawan jini ya nisance ta, wani kuma yana tallarta da hoton tsoho yana murmushi. Duk wanda na karanta sai in gaskata shi har in kai ga na gaba. Nakan shiga aji da kaina cike da wannan, in tsaya gaban allo in manta inda na tsaya jiya.

Na je wurin mai kemis ɗin unguwarmu da leda guda ta kofin. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Malama, gaskiya ban san abin da ke ciki ba. Mutane suna tambayata irinta, amma ni ba zan ce a haɗa ta da maganin hawan jini ba. Ku tambayi likitansa." Ranar ganin likita kuwa da sauran nisa, kuma Baba ba mutumin da za a ja zuwa asibiti ba ne alhali yana jin kansa garau.

Na kira Yaya. Ya saurare ni yana ofis, ina jin ƙarar takardu a gefensa. Ya ce, "Ke dai kin cika tsoro. Da yana zaune kin ce ya yi shiru, yanzu ya miƙe kin ce ya yi ƙarfi. Zuwa kasuwar ne ban so ba, zan yi masa magana. Amma saiwa ai kamar citta ce. Kuma kin san in muka ce kada ya sha, Baffa muka wulakanta."

Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kuma shi ya ɗaure ni. A gidanmu ba a mayar da kyautar Baffa. Shi ya tsaya wa Baba lokacin da gobara ta cinye rumfarsa muna ƙanana. Ta yaya zan je in ce abin da ya ɗauko tun daga wata duniya don amininsa yana iya zama cuta?

Awo ya fara hawa a hankali. Yau ya ɗan ɗara na jiya, gobe ya ɗan sauka, jibi ya wuce duka. Da na nuna wa Baba sai ya ce zafin bazara ne, ko kuma batirin na'urar ne ya yi sanyi. Na sake batir, ba ta canza magana ba. Daga nan ya fara kauce mini. In na zo sai a ce ya tafi masallaci tun kafin kiran salla, ko ya ce yanzu ya dawo daga rana, a bari ya huta, kuma hutun ba ya ƙarewa har in tafi.

Wata Asabar da hantsi muna tsince shinkafa ni da Inna a tsakar gida, ta yi ƙasa da murya. "Babanki fa ba ya barci. Sai ya yi ta juyi. Jiya ya ce ƙirjinsa na bugawa kamar ana daka, ƙeyarsa kuma ta yi nauyi."

"Inna, maganinsa fa? Yana sha?"

Ta ci gaba da tsintar, ba ta dube ni ba. "Ya ce magani biyu ba sa haɗuwa a ciki ɗaya. In ya sha saiwar da safe, sai ya bar ƙwayar sai yamma. Yamma kuma wani lokaci ya dawo a gajiye."

"Kofin fa?"

"Shi a kasuwa suke sha da Baffanku. Fulas yake tafiya da shi."

Na ajiye tsintar. Na tashi na nufi zaure. Baba yana sa hula zai fita. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce ina da magana. Na ce masa ina roƙonsa ya ajiye saiwar da kofin har mu ga likita, ya koma shan ƙwayarsa kan lokaci.

Ya zauna a bakin dakali ya dube ni. Idanunsa sun yi ja. Bai ɗaga murya ba.

"Uwata, kin san yadda nake ji in na sha ƙwayar nan? Jikina ya mutu, in miƙe jiri ya ɗebe ni. Na zauna a zauren nan ina jin mutane suna wucewa kasuwa, ni ina ƙirga kaji. Yanzu na samu abin da ya mayar da ni mutum, ki ce in ajiye?"

"Baba, tsoro nake ji."

"Tsoron me? Kwana in ya ƙare ko a kan tabarma ne sai a tafi."

"Ba mutuwar kaɗai ba, Baba. Ka ga maƙwabcinmu na bayan gida." Wannan maƙwabcin hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, ya daɗe a kwance, sai an juya shi, magana ma ba ta fita.

Baba ya jinjina kai. Na zaci na same shi. Sai ya miƙe ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Zan duba." Ya fita ya tare keke. Na san wannan kalmar tasa. Da ita yake sallamar dillalin da ba zai sayi kayansa ba.

Makon da ya biyo baya ban ji daɗinsa ba. Mijina ya ce abinci ma na daina sa masa hankali. A makaranta ba a yarda malami ya shiga aji da waya a kunne ba, ni kuwa sai na riƙa sa ta a aljihun jaka kusa da tebur, ina koyarwa kunnena yana wurinta.

Ranar da ta yi ƙara, ina tsakiyar darasi kafin azahar. Baffa ne. Bai yi sallama ba. "'Yata, ki zo asibiti. Babanki ne. Muna cikin keke." Na ji hayaniyar titi, na ji wani yana cewa a ɗaga masa kai, sai wayar ta yanke.

Ban san abin da na ce wa ɗalibai ba. Na tuna dai na fito bakin titi da alli a hannu, kekuna suna wucewa cike da mutane, ina ɗaga musu hannu kamar mahaukaciya. A hanya na kira Yaya, na kira Inna, na sake kiran Baffa bai ɗauka ba. Abu guda nake maimaitawa a zuciyata: Allah ka sa bakinsa bai karkace ba.

Na same shi a kan gado a sashen gaggawa, gaban farar rigarsa duk jini. Haɓo ne. Ƙanin Baba ya ce suna cikin auna wa wata mata gero, sai Baba ya dafe kai ya ce rumfar na juyawa, ya zauna a kan buhu, jini ya ɓalle masa ta hanci ya ƙi tsayawa. Na matsa kusa na kama hannunsa na dama, ya matse nawa. Na zagaya na kama na hagu, ya matse. Ya buɗe ido ya ce, "Uwata, kin bar 'ya'yan mutane babu malami?" Maganar ta fita daidai. A nan na zauna a ƙasan siminti na yi kuka, nas tana ce mini in tashi in ba ta hanya.

Awon da suka yi masa da isowarsa, lambar sama ta haura ɗari biyu. Suka ba shi magani, suka riƙe shi suna saukar da jinin a hankali. Da la'asar likitar da ke kula da shi, wata mace mai sanyin magana, ta kira ni da Yaya gefe ta tambayi abin da yake sha. Na ciro ledar kofin daga jakata, na kwatanta mata saiwar, na gaya mata batun ƙwayar da yake tsallakewa. Sannan na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina.

"Likita, saiwar ce ta jawo wannan?"

Ta ce, "Ba zan iya rantse miki ba. Ya bar maganinsa, ya koma wahalar kasuwa cikin zafin nan, yana shan kofi wanda ba mu san me aka zuba masa ba, ga kuma jinsen. Kowanne yana iya sa hannu."

"To mai hawan jini yana iya shan ta ko ba ya iya?"

"Maganar ba ta zama ɗaya ba, shi ya sa kika ga bayanai suna karo da juna. Wani zai sha ba ta motsa masa jini ba. Wani kuma ta hana shi barci, ta sa masa ciwon kai da bugun zuciya, jinin ya hau. Tana kuma iya karo da wasu magunguna, kamar na ciwon suga da na tsinka jini. Mutumin da jininsa bai daidaita ba, irin mahaifinku, ni ba zan yarda ya sha ba. Kuma ko wa ya sha, ba ta maye gurbin maganinsa."

Na gaya mata abin da Baba ya faɗa, cewa ƙwayar tana kashe masa jiki, tana sa shi jiri. Ta ɗaga kai da sauri. "Ai da an gaya mana. Akwai wasu iri, sai a canza masa." Ta kuma ce ita ba ta ga dalilin hana shi kasuwa ɗungurungum ba, in dai ba zai ɗaga buhu ko ya wuni cikin rana ba. Yaya ya sunkuyar da kai yana murza makullin motarsa.

Duk wannan lokacin Baffa yana zaune a benci a baranda, ya ƙi shiga, ya ƙi tafiya. Hannun rigarsa ma da jini. Da na fito ya miƙe, ya kasa haɗa ido da ni. "'Yata, ni na kashe shi ko?" Na ce masa Baba yana nan da ransa, har yana faɗa da nas a kan hularsa. Na gaya masa abin da likita ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya ce, "Wallahi alheri na nufa." Na ce babu wanda bai sani ba.

Bayan an sallamo Baba, Baffa ya ɗauke ƙafa. Mutanen kasuwa suna ta zuwa dubiya, zaure ya cika da takalma, shi babu shi. Baba yakan ɗaga kai duk lokacin da aka yi sallama, sannan ya mayar. A ƙarshe ya ce in kira masa shi, ya karɓi wayar ya ce, "In ba ka zo yau ba, ni zan taso in zo, kuma in na faɗi a hanya kai ne."

Ya zo bayan la'asar da ledar mangwaro, ya zauna can bakin ƙofa kamar baƙo. Ina cikin yi wa Baba awo. Da na gama, awon ya yi kyau, Baba bai sauke hannun rigarsa ba ya nuna Baffa da haɓa. "Uwata, matse wancan ma."

Baffa ya ce shi lafiyarsa lau, bai taɓa kwanciya asibiti ba, bai ma taɓa yin wannan awon ba.

"Shi ya sa," in ji Baba. "Miƙo hannu."

Na naɗa masa, na'ura ta yi ƙugi ta matse. Da lambar ta fito sai na ce bari in sake, wataƙila bai zauna daidai ba. Na bari ya huta, na sake a ɗaya hannun. Ba ta sauka ba. Bai kai na Baba ranar kasuwa ba, amma ya wuce duk abin da na taɓa gani a zauren nan. Sabon tsoro ya hau kan wanda bai gama tafiya ba.

"Nawa ne?" in ji Baffa.

Na gaya masa, na kuma ce gobe da safe ya kamata likita ya gan shi. Ya dubi hannunsa kamar na wani. Ya ce ai shi ma kwanan nan barci yana yi masa wuya, ya ɗauka tunanin kaya ne da suka maƙale a hanya.

Washegari Yaya ya zo da mota ya kai shi. Aka tabbatar yana da hawan jini, mai yiwuwa ya daɗe da shi bai sani ba. Shi ma aka ce ya ajiye saiwar da kofin, aka ɗora shi a kan magani.

Baba ya koma kasuwa, amma da safe kawai, kafin rana ta take ya dawo. Sabon maganin ya fi karɓarsa, ko da yake har yanzu awon yakan hau wani lokaci ba tare da na san dalili ba, in kwana biyu ina sake-sake. Shi da Baffa suka roƙa aka haɗa musu ranar ganin likita, kuma ba sa son a raka su. Na taɓa binsu sau ɗaya. A layin jira suka yi ta musu a kan wanda jininsa ya fi na wani kyau, har wata tsohuwa ta ce su yi wa marasa lafiya shiru. Da aka kira Baba ya shiga, ina tsaye a bayansa, likita ta duba ta ce an samu ci gaba. Sai ya gyara zama ya ce, "To likita, tunda an samu ci gaba, ɗan yanki kaɗan fa? Kamar ƙumba."

Ta ce a'a, ba yanzu ba.

Ya fito yana ƙunƙuni, ya ce wa Baffa ya shiga, saura shi, kuma kada ya wahalar da kansa da tambaya, an riga an tambaya.